Amsoshin Tambayoyinku: Da gaske ne ba a iya maka masu ƙera bindiga a kotu a Amurka?

Tambaya: Na ji a rediyo cewa gwamnatin Meziko ta kai kamfanonin ƙera bindiga na Amurka ƙara saboda makaman da ke kwarara cikin ƙasarta, amma Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar, wai akwai dokar da ta ba kamfanonin kariya. Mun yi ta gardama a majalisarmu. Wasu sun ce daidai ne, don ba a kama maƙeri idan an soki mutum da wuƙar da ya ƙera. Wasu sun ce zalunci ne tsagwaronsa. Don Allah ku fayyace mana: wace doka ce wannan, ta yaya aka yi ta, kuma da gaske ne ko me suka yi ba mai iya kai su gaban alƙali? Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, dokar tana nan, sai dai masu cewa ko me kamfanonin suka yi ba a taɓa su sun wuce gona da iri. Sunanta Dokar Kare Halastaccen Cinikin Makamai, Amurkawa na taƙaita ta da PLCAA. Majalisar Dattawa ta amince da ita a watan Yulin 2005, sanatoci 65 suka goyi baya, 31 suka ƙi. Majalisar Wakilai ta bi sahu a watan Oktoba da ƙuri'a 283 a kan 144, sannan Shugaba George W. Bush ya rattaba mata hannu ranar 26 ga Oktoba, 2005. Abin da ta ce a dunƙule shi ne, idan wani ya ɗauki bindiga ko harsashi ya aikata laifi, wanda aka cuta ko magadansa ba su da ikon neman diyya daga kamfanin da ya ƙera, ko ɗan sarin da ya rarraba, ko mai shagon da ya sayar. Ba ta tsaya ga ƙararrakin gaba kaɗai ba. Ta umarci kotunan tarayya da na jihohi su kori duk ƙara irin wannan da ke gabansu, ko shekara nawa aka yi ana tafka ta.

Sai a lura, maganar neman diyya ake yi, ba maganar hukunta mai laifi ba. Mai shagon da ya sayar wa wanda doka ta hana riƙe makami, yana sane, hukuma na iya ƙwace lasisinsa ta kuma ɗaure shi, wannan doka ba ta tsare shi ba. Abin da ta toshe shi ne hanyar da mutum ko hukumar gari ke bi su ja kamfani gaban alƙali su ce sakacinka ya jawo mini asara, ka biya ni.

Wanda bai san yadda shari'ar diyya take a can ba zai yi mamakin abin da ya kai kamfani mai kuɗi har majalisa neman tsari daga gare ta. A yawancin shari'u a Amurka kowa shi ke biyan lauyansa, ko ya ci ko an ci shi. Kamfani na iya yin shekara biyar yana kare kansa, ya kashe miliyoyin daloli, a ƙarshe a wanke shi, ba wanda zai mayar masa da ko sisi. Sau da yawa kuma ba alƙali ke yanke yawan diyya ba, wasu mutanen gari ne da ake zaɓowa su taya shi hukunci, idan halin kamfani ya ɓata musu rai sukan lafta masa tara don ya zama izina ga na baya. Amma abin da ya fi tayar wa kamfanoni hankali shi ne matakin tonon bayanai. Kafin a fara sauraron shari'a, kowane ɓangare na da ikon tilasta wa ɗayan ya fito da takardunsa na cikin gida, wasiƙu da rahotannin taro da lissafin ciniki, a kuma zaunar da manyan jami'ansa su amsa tambayoyi bisa rantsuwa. Ta wannan ƙofa, da kuma bakin wasu tsofaffin ma'aikatansu, asirin kamfanonin sigari ya tonu, aka ga sun daɗe da sanin illar taba suna ɓoyewa. A watan Nuwamban 1998 suka amince su biya jihohi 46 dala biliyan 206 cikin shekara 25.

Tun ana tsakiyar wannan dambarwa magadan manyan birane ke kallo. Garuruwansu sun sha zubar jini a farkon shekarun 1990, jinyar waɗanda aka harba da aikin 'yan sanda na cinye kuɗin gwamnati, sai suka ce abin da ya ci taba zai ci bindiga. New Orleans ta fara shigar da ƙara a ƙarshen Oktoban 1998, Shikago ta biyo baya bayan mako biyu tana neman dala miliyan 433, kafin a ankara birane da ƙananan hukumomi sama da 30 sun shiga sahu.

A nan ne gardamar majalisarku take, don haka bari mu tsaya a kan abin da biranen suka yi ƙara a kai. Ba cewa suka yi ƙera bindiga laifi ne ba. A wancan lokaci Shikago ta haramta mallakar ƙaramar bindiga a cikin gari, amma shagunan garuruwan da ke kewaye da ita suna sayarwa. Sai ta tura 'yan sandan farin kaya suka yi shigar 'yan daba, suka shiga shagunan suna faɗa a fili cewa akwai wanda za su je su rama wa, ko kuma wannan ya zaɓi bindiga ya ƙirga kuɗi, wancan ya cika takarda da sunansa. Aka sayar musu da bindigogi sama da ɗari. A shekarar 2000 hukumar tarayya mai kula da makamai, ATF, ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 1.2 cikin ɗari na dillalai masu lasisi su ne tushen kashi 57 cikin ɗari na bindigogin da aka kama a wurin laifi aka bi sawunsu. Yadda ake bin sawun ma abin lura ne. Duk bindiga na da lamba a jikinta. Idan aka tsince ta a wurin kisa, hukumar kan tuntuɓi kamfanin da ya ƙera, ya faɗi ɗan sarin da ya ba, ɗan sari ya faɗi shago, mai shago ya duba littafinsa. Biranen suka ce wanda ake ta tuntuɓa haka ba zai ce bai san kayansa na zurarewa hannun miyagu ba, kuma da ya so da ya binciki inda suke zurarewa ya yanke hulɗa da wurin.

Kamfani ɗaya ya gwada sulhu. A watan Maris na 2000 Smith & Wesson ya cim ma yarjejeniya da gwamnatin Bill Clinton: zai riƙa haɗa kowace ƙaramar bindiga da makulli, ya sa kuɗi a binciken bindigar da ba ta tashi sai a hannun mai ita, ya kuma daina ba da kaya ga dillalin da ba ya bin wasu ƙa'idoji. Ƙungiyar masu bindiga ta ƙasa, NRA, ta yi masa ca, masu saye suka ƙaurace wa kayansa, ciniki ya faɗi, aka sallami ma'aikata. Kamfanin Birtaniya mai suna Tomkins, wanda ya saye shi dala miliyan 112 a 1987, ya sayar da shi dala miliyan 15 a 2001. Sauran kamfanonin suka ga abin da ya samu ɗan'uwansu, ba wanda ya sake yarda da irin wannan yarjejeniya.

Sai kuma abin da ya faru a kewayen birnin Washinton a watan Oktoban 2002, lokacin da wani mutum da wani yaro matashi suka yi mako uku suna harbin mutane daga ɓoye, suka kashe goma. Bindigar ƙirar Bushmaster ce, ta fito daga wani shago a garin Tacoma wanda aka tarar bindigogi sama da 200 sun ɓace daga littafinsa, bai san inda suka yi ba. A 2004 aka sasanta da iyalan mamatan: shagon ya biya dala miliyan 2, Bushmaster ya biya dala 550,000. Kuɗin ba su da yawa a wurinsu, amma sun ga an fara buɗe ƙofa. Bayan shekara ɗaya dokar ta fito, bisa jagorancin Sanata Larry Craig na jihar Idaho da kamun ƙafar NRA.

Adalci ne mu ji ta bakin masu dokar, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce kayansu halal ne a dokar ƙasa, gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, wanda aka yi tun 1791, ya ba ɗan ƙasa haƙƙin riƙe makami. Sun ce ba a kai kamfanin mota ƙara don wani ya yi tatul ya banke mutane. Sun ce biranen sun kasa samun dokar da suke so a majalisa ne suka zagayo ta kotu, alhali tsara doka aikin zaɓaɓɓu ne. Sun ce masana'antar bindiga ƙarama ce idan aka gwada ta da ta sigari, ƙara talatin a jihohi daban-daban ta isa ta durƙusar da ita ko da ba a ci ta ko sau ɗaya ba, kuma ita ce ke ƙera wa sojoji da 'yan sanda makamai. Wannan na ƙarshe ba zargi ba ne kawai, wasu daga cikin masu ƙarar sun fito fili sun ce tsadar shari'a ce za ta sa kamfanonin su miƙa wuya. Gaskiya ne kuma yawancin ƙararrakin sun riga sun faɗi tun kafin 2005. Kotun ƙolin jihar Illinois ta kori ta Shikago a 2004, jihohi sama da 30 sun riga sun yi nasu dokokin kariyar. Amma akwai 'yan kaɗan da suka tsira, ta birnin New York ma tana dab da fara sauraro lokacin da aka sa wa dokar hannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta kore ta a 2008 ba tare da an ji shaida ko ɗaya ba.

Yanzu ga amsar ƙarshen tambayarka. Dokar ta bar ƙofofi shida a buɗe, amma uku ne aka fi bi, kuma kowace ƙunci gare ta.

Ta farko ita ce ta aibin ƙira. Idan bindiga ta fashe a hannun mai ita, ko ta tashi ba a taɓa kunamarta ba, ana iya kai kamfanin ƙara kamar kowane kamfani. A 2024 kotuna a jihar Jojiya da birnin Philadelphia sun ci kamfanin Sig Sauer diyyar miliyoyin daloli a kan bindigarsa P320, wadda masu ƙara suka ce ta harbe su tana cikin kube. Sai dai an saka wani sharaɗi a gindin wannan ƙofa: idan tashin bindigar ya biyo bayan wani aiki da mutum ya yi da gangan wanda doka ke ɗauka laifi, to wannan aikin shi kaɗai za a ɗora wa alhaki. Ga yadda sharaɗin ya yi aiki. A 2001 a jihar Illinois wani yaro ɗan shekara 13 ya ɗauko bindigar mahaifinsa ƙirar Beretta, ya zare gidan harsashi, ya ɗauka ba komai a ciki, bai san akwai ɗaya da ya riga ya hau ba. Ya nuna abokinsa da wasa ya danna kunama, abokin ya mutu. Iyayen mamacin suka ce akwai ɗan ƙarfen da ake sa wa bindiga ya hana ta tashi idan an zare gidan harsashi, an daɗe da saninsa, kamfanin bai sa ba. A 2009 kotun ƙolin jihar ta ce dokar 2005 ta rufe wannan magana, tunda nuna mutum da bindiga da danna kunama laifi ne, ko da yaro ne ya yi kuma bai yi nufin kisa ba.

Ƙofa ta biyu ta mai shago ce, wanda ya miƙa makami ga wanda ya sani, ko ya kamata ya sani, cewa zai yi ɓarna da shi. A watan Yunin 2012 wata uwa a jihar Missouri ta buga waya wani shago tana roƙon kada su sayar wa 'yarta bindiga, ta gaya musu tana da taɓin hankali mai tsanani, ta ba su sunanta da ranar haihuwarta. Bayan kwana biyu suka sayar mata. A ranar ta harbe mahaifinta. Sai da aka kai har kotun ƙolin jihar a 2016 kafin a yarda uwar tana da ikon yin ƙara, daga baya aka sasanta a kan dala miliyan 2.2. A Milwaukee ma wani saurayi ɗan shekara 18 ya biya wani ya saya masa bindiga yana tsaye a gefensa a cikin shago, ya zo ya harbi 'yan sanda biyu a fuska a 2009. A 2015 aka yanke wa shagon diyyar kusan dala miliyan 6, aka ƙare da sulhu a kan miliyan 1. Ka ga a nan mai shago ake kamawa, hannun bai kai ga kamfanin da ke ci gaba da aiko masa da kaya ba.

Ƙofa ta uku ita ce ake ta kai ruwa rana a kanta har yau: idan kamfani ko dillali ya karya wata doka da ta shafi sayarwa ko tallata makami, yana sane, kuma karya dokar ce ta kai ga ɓarnar. Ta nan iyayen yaran Sandy Hook suka bi. Ranar 14 ga Disamba, 2012, wani matashi ɗan shekara 20 ya shiga makarantar firamare ta Sandy Hook a garin Newtown na jihar Connecticut da bindigar Bushmaster, irin wadda aka kwaikwayo daga ta sojoji, ya kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai, da manya shida. Mahaifiyarsa ce ta sayi bindigar bisa ƙa'ida, don haka ba abin da za a kama mai shago da shi. Iyalai tara suka kai kamfanin Remington, mai Bushmaster, ƙara a 2014, suka kafa hujja da tallansa. Sun ce an tallata bindigar ga samari a matsayin shaidar cikar namiji, da kalmomin fagen fama da na murƙushe abokin gaba, kuma dokar jihar ta hana talla mai ingiza mutane ga ɓarna. A watan Maris na 2019 kotun ƙolin jihar ta yarda a ci gaba, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, Kotun Ƙolin tarayya kuma ta ƙi tsoma baki. Remington ya karye sau biyu, a 2018 da 2020. A watan Fabrairun 2022 kamfanonin inshorarsa huɗu suka biya dala miliyan 73, ba tare da an amsa laifi ba. Iyayen sun ƙi tayin farko na dala miliyan 33, suka kuma dage sai an ba su damar bayyana wa duniya takardun cikin gida da suka tono. Sama da shekara bakwai suka yi a kotu kafin su kai nan.

Wasu ba su samu ko wannan ba. Iyayen wata budurwa da ke cikin mutum 12 da aka kashe a gidan sinima na garin Aurora, jihar Kolorado, a 2012, sun kai ƙarar kamfanonin da suka sayar wa maharin dubban harsasai ta intanet ba tare da ko ganin fuskarsa ba. Ba diyya ma suka nema ba, cewa suka yi a tilasta wa kamfanonin su gyara yadda suke ciniki. A 2015 aka kori ƙarar, aka kuma umarce su su biya lauyoyin waɗanda suka yi ƙara sama da dala 200,000, saboda dokar jihar ta lokacin ta ce haka. Sai a 2023 Kolorado ta soke wannan tanadi.

To sai Meziko. A can cinikin bindiga a hannun sojoji yake, shagunan da aka yarda su sayar a duk ƙasar ba su wuce biyu ba, amma ƙungiyoyin fataucin ƙwaya na yawo da makamai kamar rundunar yaƙi. Alƙaluman gwamnatin Amurka kanta sun nuna cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na bindigogin da aka kama a Meziko aka aiko a bi sawunsu tsakanin 2014 da 2018, daga Amurka suka fito. A watan Agustan 2021 Meziko ta shigar da ƙara a birnin Boston tana neman dala biliyan 10. Ta ce kamfanonin sun san dillalan kan iyaka da ke sayar wa 'yan fasa-ƙwauri, suna ci gaba da ba su kaya, har ma akwai bindigogin alfarma da ake raɗa wa sunaye da harshen Sifaniyanci, ɗaya ma da hoton Emiliano Zapata, gwarzon juyin-juya-halin ƙasar, waɗanda manyan 'yan ƙwaya ke rububi. Alƙalin farko ya kori ƙarar a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a Janairun 2024. Ranar 5 ga Yuni, 2025, alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan baki ɗaya suka rufe ta. Mai shari'a Elena Kagan ce ta rubuta hukuncin, kuma tana cikin alƙalan da ba a san su da goyon bayan masu bindiga ba. Ta yarda cewa irin wannan ciniki na faruwa, kuma kamfanonin sun san yana faruwa. Amma ta ce sani da yin ko-in-kula daban, taimaka wa mai laifi daban. Meziko ba ta nuna takamaiman dillali ko takamaiman cinikin da kamfanin ya sa hannu a ciki ba, ga shi kuma tsakanin kamfani da mai shago akwai ɗan sari.

Na san abin da ya sa wannan labari ya taɓa mutumin Gusau. Sai dai makaman da ke addabar yankinmu yawancinsu ba ta wannan hanya suka zo ba. Wata cibiyar bincike mai suna Conflict Armament Research ta bi sawun makaman da aka kama a Zamfara da Katsina da Kaduna, ta fitar da rahoto a 2020. Ta tarar da ƙirar gida, da waɗanda suka sulale daga rumbunan gwamnati na nan da na ƙasashe irin su Kodebuwa da Libiya, da bindigogin Turkiyya da aka shigo da su ta tashar jiragen ruwan Legas. Ko an soke dokar Amurka gobe, namu maganin na wurin mai gadin rumbu da mai tsaron iyaka.

Game da maƙerin da abokanka suka kawo, ina tare da su rabin hanya. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi, suka ce asali nauyin na kan mai aikatawa. Amma su ɗin ne dai suka hana sayar da makami ga wanda aka san zai cuci mutane da shi, ko a lokacin fitina. Maƙerin da ya sayar wa mahauci wuƙa ba ruwansa. Wanda aka zo aka gaya masa sau goma cewa wuƙaƙen da yake ba wane a jikin mutane ake zaro su, ya ce shi dai kuɗinsa ya sani, akwai tambayar da ya kamata ya amsa. Ban ce lalle a ci shi ba. Wataƙila idan an zauna ya nuna bai sani ba, ko ba yadda zai yi. Abin da na ƙi a dokar 2005 shi ne ta hana a yi zaman. Ka dubi yadda abin ya zagayo wa Meziko: an ce ta kawo sunan dillali da ranar ciniki, alhali waɗannan bayanai suna cikin littattafan kamfanonin, ba a kai wa gare su sai ta tonon bayanai, tonon bayanai kuma ba a fara shi sai ƙara ta tsallake wannan doka. Littafin ATF ma ba a buɗe yake ba, tun 2003 majalisa ta fara taƙaita fitar da bayanan bin sawu, daga baya ta hana a kafa hujja da su a shari'ar diyya.

Za ka ji 'yan siyasa, har da tsohon Shugaba Joe Biden, suna cewa masu bindiga ne kaɗai ke da irin wannan kariya a Amurka. Ba haka ba ne. Masu yin allurar rigakafi na da tasu tun 1986, kamfanonin intanet tun 1996, masu ƙera ƙananan jiragen sama tun 1994. Amma dubi ta rigakafi: da aka rufe ƙofar kotu sai aka buɗe asusun diyya, ana tara masa kuɗi daga ɗan harajin da ake ɗorawa a kan kowace allura, wanda ya samu illa ya je can a biya shi. Ga kuma hukuma mai ƙarfi da ke tantance allurar kafin ta fito. Wanda aka harba ba a buɗe masa asusun komai ba. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi da aka kafa a 1972 tana da ikon janye bindigar wasan yara daga kasuwa idan ta ga haɗari, amma majalisa ta hana ta taɓa bindigar gaske da harsashi. Wannan a ƙasar da aka ƙiyasta farar hula na riƙe da bindigogi miliyan 393 a 2017, fiye da yawan jama'arta, kuma mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a 2021 kaɗai, fiye da rabinsu su suka kashe kansu.

Kada kuma a ɗauka jam'iyyar Republican ce kaɗai ta yi wannan aiki. 'Yan Democrat 14 a Majalisar Dattawa da 59 a ta Wakilai sun jefa mata ƙuri'a. Bernie Sanders ma, yana ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Vermont mai yawan mafarauta, ya goyi bayanta, Hillary Clinton ta yi ta sukarsa da haka a zaɓen fid da gwani na 2016 har ya dawo yana goyon bayan a soke ta. Ana ta gabatar da ƙudurin sokewar, amma a Majalisar Dattawa sai an samu sanatoci 60 kafin a rufe muhawara a kaɗa ƙuri'a, masu son sokewar ba su taɓa kusantar wannan adadi ba.

Shi ya sa fafatawar ta koma jihohi. Tunda dokar ta ce ana iya ƙarar wanda ya karya dokar da ta shafi cinikin makami, sai wasu jihohi suka zauna suka rubuta irin wannan doka da kansu. New York ta fara a 2021, ta wajabta wa masu ƙera bindiga da masu sayarwa su ɗauki matakan da hankali zai yarda da su don hana kayansu faɗawa hannun ɓarayi da 'yan fasa-ƙwauri, wanda ya ƙi a kai shi ƙara. New Jersey da Delaware da Kalifoniya suka biyo baya a 2022, Illinois da Kolorado da jihar Washinton a 2023. Ƙungiyar masu masana'antar, NSSF, ta garzaya kotu tana cewa wannan zagaye ne kawai ake yi wa dokar tarayya, amma a watan Yulin 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta bar dokar New York a tsaye. Da irin wannan doka Shikago ta koma kotu a 2024, wannan karon da kamfanin Glock, tana cewa ya daɗe da sanin wani ɗan ƙarfe da ake maƙala wa bindigarsa ta baya ta koma mai aman harsasai ba tsayawa, ya ƙi sauya ƙirar. Jihohin New Jersey da Minnesota sun shigar da irin wannan ƙara a kan Glock a watan Disamban shekarar.